Wa ya yanka kartar? Gaskiyar magana kan “cutar” kwamfuta a wasannin salula



Akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadodin matasa, kuma tana iso mu ta saƙonnin masu saurare. Magana ce kan wasannin jera-uku na salula, inda kake haɗa duwatsu ko alewa uku masu launi ɗaya su fashe, wasu su zubo daga sama. Kowa ya san Candy Crush. Akwai kuma waɗanda kwamfuta ce abokiyar karawarka, ka taɓa ta taɓa, kamar Puzzle Quest da Gems of War, wasu ma an haɗa su da karta mai ɗauke da mayaƙa. Ɓangare ɗaya na rantsuwa cewa kwamfuta ɓarauniya ce, tana leƙa abin da zai faɗo kafin ta taɓa. Ɗaya ɓangaren, yawanci waɗanda suka ɗan zauna bencin lekol, sai su yi dariya su ce lissafi ne da sa'a, kai ne dai ba ka iya ba.

To ni a ganina, dukansu biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

Mu fara da masu kukan cuta. Wannan kuka ba a Kawar aka fara shi ba. Tun 2007 da Puzzle Quest ya fito daga hannun wani ɗan Ostireliya, Steve Fawkner, ƴan wasa a Turai da Amurka suke zargin na'urar da maguɗi, shi kuma ya sha musantawa, yana cewa ba ta ganin abin da bai faɗo ba. Kuma in ka zauna ka yi lissafi, ba ta ma buƙatar ta gani. Allon wasan gida takwas ne a tsaye, takwas a kwance. Hanyoyin musanya dutse da maƙwabcinsa 112 ne kacal. Kai kana duba su da ido ɗaya, ɗaya idon na kan butar shayi, ga barci, ga saƙon WhatsApp na shigowa. Ita kuwa tana duba duka 112 kafin ka ƙyafta ido. Jerin huɗu, wanda ke ba mutum damar sake taɓawa, ba ya wuce ta. Ka ƙara da wannan: duk lokacin da ka fasa uku, sababbin duwatsu suka zubo, wa ke fara cin moriyar sabon allon? Ita. Kai ka dafa, ita ta fara ɗiba. Haka ita ma take dafa maka, sai dai kai sau da yawa ba ka lura da abin da ta bar maka ba.

Sai zancen sa'a. A Puzzle Quest na farko duwatsu iri bakwai ne. Damar dutsen da ya faɗo ya zama launin da ake jira ɗaya ce cikin 7. Guda biyu a jere, ɗaya cikin 49. Kamar abu mai wuya, ko? Amma a karawa ɗaya ɗaruruwan duwatsu ke zubowa, don haka dole abin ya faru, ya kuma maimaita. Haka yake a Ludo King da ake ta faɗa a kansa: shida sau biyu a jere ɗaya ce cikin 36, kuma a dare ɗaya sau nawa ake jifa? Matsalar tana ga zuciyar ɗan Adam. In sa'a ta faɗo maka, ka ce ƙwarewa ce. In ta faɗo wa kwamfuta, ka ce sata ce, kuma ita za ka riƙe har mako. Don haka mai cewa “wallahi na gani da idona”, ka yi haƙuri, ganin da ka yi bai kai shaida ba.

Yanzu ku kuma masu dariya, ku dakata, don naku kuskuren ya fi haɗari. Kun ɗauka tunda na'ura ce, sa'ar da ke ciki tsarkakakkiya ce kamar ruwan sama. Wa ya gaya muku? Masu ƙera wasannin da bakinsu sun faɗi cewa suna taɓa ma'auni. A 2010, a taron masu ƙera wasanni na San Faransisko, Sid Meier, mai wasan Civilization, ya ba da labarin yadda ƴan wasa suka riƙa fushi in sun sha kashi a yaƙin da ƙarfinsu ya ninka na abokin gaba sau uku, ko da yake lissafi ya yarda hakan ya faru jefi-jefi. Me aka yi? Aka gyara lissafin don ɗan wasa ya ji daɗi. Za ku ce ai wannan alheri ne. To ku tambayi duk wanda ya taɓa musayar dabino ko gishiri da hatsi lokacin da ayari ya sauka: hannun da ya iya danna tiya don ya ƙara maka, shi ne ya iya sassauta ta don ya rage maka.

Kuma abin bai tsaya ga jin daɗi ba. A 2017 masu bincike na kamfanin Electronic Arts sun wallafa wani aiki kan yadda na'ura za ta riƙa sauya wahalar wasa gwargwadon halin kowane ɗan wasa, don ya daɗe bai ajiye ba. Sun gwada shi har a wasan jera-uku na salula, suka ce ya ƙara riƙe mutane da abin da ya kai kashi 9 cikin 100, ko da yake sun ce kuɗin da ake kashewa bai sauya ba. A 2018 kamfanin ya samu takardar mallakar wannan dabara a Amurka. A Nuwamban 2020 wasu ƴan wasa suka maka shi kotu a Kalifoniya, suna zargin yana amfani da ita a FIFA da wasu wasanninsa. Kamfanin ya musanta, ya buɗe musu bayanai, ya haɗa su da injiniyoyinsa, suka janye ƙarar a 2021. Madalla, an wanke shi a wannan. Amma ku lura da abin da sai da aka yi kafin wani ya leƙa cikin tukunyar: lauyoyi da kotu. Kai da ke zaune a Bilma, reso na zuwa yana tafiya, wace kotu za ka je?

Nan ne bakin zaren. Ku dubi dara, wadda ita ma jera-uku ce, kuma kakanninmu sun san ta tun kafin a san kuran. Gidaje 30 a cikin rairayi, kowa da ƴaƴa 12, wannan tsinke, wancan dutse ko ƙwallon dabino. Ka jera uku, ka ci ɗan abokinka. Ba abin da ke faɗowa daga sama, komai na gaban jama'a, in ka matsa ɗa ta bayan fage ƴan kallo za su yi maka ca. Ku dubi bilot: in wani ya gauraya karta, wani daban ne zai yanka kafin a raba. Me ya sa? Ba don an kama mai rabon da sata ba. Don kada ma a kai ga zargi ne. To a wasan salula, wa ya gauraya? Kamfani. Wa ya yanka? Kamfani. Wa ke karawa da kai? Kamfani. Wa ke alƙalanci? Kamfani. In ka faɗi saura taɓawa ɗaya ka ci, wa ke fitowa nan take ya ce ga ƙarin taɓawa biyar in za ka biya? Shi ne dai. Ga wuƙa ga nama a hannu ɗaya. Da a fada wani ya zo da irin wannan tsari, ko malamin unguwa ne, ba mai zama ya buga da shi.

Wani zai ce mu nan ba mu da katin banki, me za su ci a jikinmu? Ɗan uwa, suna ci. Wasanni da dama na cewa ka kalli talla a ba ka rai ko ƙarin taɓawa. Wannan bidiyon da mega ɗinka yake tafiya, megan da ka saya da kuɗin guminka, su kuma masu talla su biya su. Ga batirin da ka sha wahala ka cika da pano. Ga dare da ya tafi. A Candy Crush rai biyar ne, kowane sai bayan minti 30 yake dawowa. An tsara jiran ne don mai gajen haƙuri ya nemi hanyar tsallakewa. Kuma kasuwar ba ta yara ba ce: a 2016 an sayi King, kamfanin da ya yi Candy Crush, kan dala biliyan 5.9 na Amurka. Wasan “kyauta” ke nan.

Wasu ƙasashe sun fara farkawa. Sin ta wajabta tun 2017 a bayyana damar samun kowane abu a akwatunan sa'a da ake sayarwa cikin wasanni. Apple ya sa irin wannan sharaɗi a ƙarshen 2017, Google ya bi a 2019. Beljiyam kuwa a 2018 ta ce irin waɗannan akwatuna caca ce. Duk wannan kan akwatunan sa'a ne. Zubowar duwatsu da wahalar mataki har yanzu suna cikin duhu, kuma nan ne ya kamata a kunna fitila: duk wasan da ke sauya wahala gwargwadon ɗan wasa, ya rubuta haka ɓaro-ɓaro kafin a sauke shi. Hukumar ARCEP da ƙungiyoyin kare masu saye a Yamai su san cewa wannan ma hakkin mai saye ne, kamar farashin kira da na mega.

Kafin nan, abin da ke hannunmu. Mai zargin kwamfuta, ka ɗauki takarda da biro, ka rubuta karawa 50, sa'arka da sa'arta duka, sannan ka zo mu yi magana da hujja. Mai kare ta, ka daina rantsuwa kan tukunyar da ba ka buɗe ba. Kowa kuma ya riƙe doka ɗaya: in wasa ya kayar da kai sannan ya miƙo hannu, kuɗi ne ko talla, ka ce a'a, ka ajiye salula. Iyaye, in yaro ya ce a saya masa mega “don bincike na lekol”, ku ɗan leƙa ku ga irin binciken.

Wasa ba laifi ba ne, kuma ban ce kowa ya goge nasa ba. Amma wanda ba ya barin a yanka karta, bai isa ya ce a yarda da shi ido rufe ba.

Ku ajiye ra'ayinku a ƙasa, masu goyon baya da masu suka, za mu karanta wasu a shirinmu na gaba in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.