Shekara Guda Ta Isa Baƙo Ya Koma Ga Littafi

Duk wanda ya zaga unguwannin Hausawa na Kurmi bayan sallar lisha, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko zangon Shagamu, abu ɗaya zai tarar. Mutane na zaune a bencin mai shayi, babba da yaro, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Da wuya a ga mai riƙe da littafi. Alhali kuwa da yawa daga cikinsu sun yi firamare a gida, waɗansu har sakandare, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka sha bulalar malami don an kama su da littafin hikaya a ƙarƙashin tebur. To, ina wannan ɗabi'a ta tafi, kuma yaya za a yi ta dawo?

Karatun nishaɗi dai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Bayansu Magana Jari Ce ya biyo, littafi uku. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda mutum ɗaya kan saya ya karanta wa taron jama'a a ƙofar gida. Kakannin waɗanda ke zaune a Kurmi yau da irin waɗannan suka yi hira, ba don za su ci jarrabawa ba, sai don daɗin labari.

Wanda ya bar karatu shekara goma ko ashirin yakan ce ai kansa ya riga ya toshe. Wannan magana ba ta da tushe. Abin da ake bukata shekara guda ce kawai, wato daga wannan Ƙaramar Salla zuwa ta baɗi, da shafi 10 kowane dare. Mai lissafi ya duba: shafi 10 a dare ya zama 300 a wata, a shekara kuwa ya haura 3,500. Ruwan Bagaja bai kai shafi 100 ba, haka ma Shaihu Umar. Ashe ke nan mai wannan ƙoƙari zai karance littattafai masu yawa kafin watan azumi ya sake tsayawa.

A ɗauki misalin mai gadi a Ikeja, wanda rabonsa da littafi tun yana aji shida. Watanni ukun farko su ne masu wuya. Ido zai yi nauyi, barci zai riƙa fizgarsa, hannu kuma zai riƙa kai wa waya da kansa. Don haka ya kyautu ya fara da gajerun labarai irin na Magana Jari Ce, inda aku ke jan Musa ɗan Sarki da hira don ya hana shi fita. Kowane labari ana gama shi a zama ɗaya, kuma wanda ya gama ɗaya sai ya ji yana son na gaba.

Bayan Babbar Salla da 'yan watanni, zai ga ido ya saki, ya daina bin haruffa da yatsa. A nan ne ya kamata ya ɗauki Shaihu Umar, labarin yaron da aka raba da garinsu, aka ƙetara Sahara da shi, mahaifiyarsa kuma ta bi sawu tana nema. Wanda ya karanta shi yana ɗan makaranta labari kawai ya ji. Amma wanda ya karanta shi yana da shekara arba'in, a ɗakin haya, uwarsa na can Funtuwa ko Azare bai gan ta ba shekara biyu, wani abu dabam zai ji a zuciyarsa. Littafin yana nan yadda yake, mai karatun ne duniya ta koya wa abin da bai sani ba a da.

A rabin shekara na biyu sai ya matso kusa da zamani. Akwai Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, a kan mutumin ƙauye da birni ya ruɗa. Akwai So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980. Akwai kuma tulin littattafan da marubutan Kano suka yi ta bugawa da kuɗin aljihunsu, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu. A nan ya kamata a yaba wa mata, domin su ne suka riƙe karatun Hausa a cikin gidaje sa'ad da maza suka yar da shi, har waɗansu mazan na yi musu ba'a. Mai ba'ar nan da zai ari ɗaya daga hannun uwargida, da ya fi masa.

Wani zai ce ina lokaci ga mai neman abinci a Ikko? Amsa ita ce, lokacin nan da ake ɓatarwa a kan waya shi ne dai lokacin. Mai gadi yana da dare sukutum. Ɗan kasuwar goro yakan wuni yana jiran a cika mota. Mai tafiya daga Agege zuwa cikin Ikko yakan daɗe a cunkoson motoci bai san abin yi ba. Wani kuma zai ce ai karatun addini ya fi. Gaskiya ne, babu mai musu, amma ɗaya ba ya hana ɗaya. Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam ba su bar addininsu ba don sun rubuta hikaya. Batun samun littattafan kuwa, motocin shanu da na albasa kullum suna saukowa daga Arewa. Direban da ke kawo saƙon kilishi da daddawa ba zai ƙi riƙo littafi biyu daga Kano ko Zariya ba.

Babban dalilin wannan kira shi ne yara. Yaron da aka haifa a Agege yakan tashi da Yarabanci da Turancin buroka a bakinsa, wannan kuwa ba laifi ba ne, arziki ne. Amma yawancin makarantun Kudu ba sa koyar da Hausa, saboda haka sai a ga saurayi yana jin Hausa amma ba ya iya karanta ta, bai san bambancin baki da baƙi a rubuce ba, ko kafa da ƙafa. In aka je gida da Salla sai 'yan'uwa su riƙa yi masa dariya, shi kuma ya fara ƙin zuwa. Makwabta Yarabawa ba su yi wannan sakaci ba. Littafin D. O. Fagunwa na farko ya fito tun 1938, har yau kuma 'ya'yansu sun san sunansa. Uban da yaro ya saba gani da littafi a hannu, yana karanta masa labari ɗaya kafin barci, ya ba shi makarantar da babu ita a unguwar.

Saboda haka ana kira ga Sarakunan Hausawa na zango-zango, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, su taimaka. Ba sai an gina laburare ba. Akwati ɗaya a ofishin ƙungiya, da littafi talatin, da wani amintacce mai rubuta sunan wanda ya ara, ya isa a fara. Wanda kuma ya fi son karatu a waya, to, ya saya daga hannun marubucin, ya bar karɓar na sata da ake yawo da shi a WhatsApp, domin marubuci ma yana da iyali.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya buɗe shafin farko a daren yau, baɗi war haka zai tarar yana da abin faɗi a gun mai shayi, 'ya'yansa kuma sun fara tambayarsa yadda labarin jiya ya ƙare. Allah ya sa a gane, ya kuma mai da kowa gida lafiya, amin.