Sharhi: Matatar hayaƙin mota da giɓin da ke cikin dokar ƙirƙira ta Najeriya

A garejoji da dama na ƙasar nan, daga Legas har zuwa Nguru da Gashua a arewacin Jihar Yobe, kanikawa na kiranta “indomi”, saboda cikinta ya yi kama da dunƙulen taliya. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne da ke jikin salansar mota, kuma aikinsa shi ne tace hayaƙin inji kafin ya shiga hancin jama'a. Galibin direbobi ba sa tunawa da ita sai ranar da ta toshe, ko ranar da aka sace ta.

Sai dai wannan ƙaramar na'ura na cikin abubuwan da manyan kamfanonin duniya ke yin shari'a a kansu. Tambayar da kotuna ke yi ita ce: shin sabon haɗin sinadarin da kamfani ya kawo ƙirƙira ce ta gaskiya, ko kuwa abu ne da duk wani masanin fannin zai iya hasasowa ba tare da wahala ba? Dokar Najeriya ta tanadi wannan tambaya, amma ba ta ɗora wa kowa alhakin yin ta ba kafin a ba da takardar shaidar mallakar ƙirƙira.

Yadda matatar ke aiki

Injin fetur na fitar da guba iri uku: iskar kabon monoksaid, ragowar man da bai ƙone ba, da sinadaran naitirojin oksaid. A cikin matatar akwai wani dunƙulen tangaran mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda aka shafe da ƙarafa masu tsada guda uku: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa ta ramukan, ƙarafan kan hanzarta sauya gubar zuwa kabon dayoksaid, tururin ruwa da iskar naitirojin. Matata mai lafiya, idan ta ɗauki zafi, tana rage fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan gubobi.

Injiniya Eugène Houdry, Bafaranshe mazaunin Amurka, ya samu shaidar mallakar irin wannan na'ura a shekarun 1950, amma ba ta yaɗu ba domin darmar da ake sa wa fetur a lokacin tana kashe ƙarafan. Dokar tsaftace iska ta Amurka ta 1970 ce ta tilasta wa masu ƙera motoci neman mafita, aka soma sanya matatar a motocin 1975. John Mooney da Carl Keith na kamfanin Engelhard ne suka jagoranci samar da nau'in da ke maganin gubobin uku a lokaci guda.

Shaidar mallakar ƙirƙira shekara 20 take yi. Wannan na nufin asalin fasahar ta daɗe da zama ta kowa. Abin da kamfanoni ke neman mallaka a yau gyare-gyare ne: rage yawan rodiyam, ƙara wani sinadari, ko sa matatar ta jure zafi. A nan ne batun “bayyanannen abu” ke shigowa.

Ma'aunin da ake gwadawa da shi

Masu tantance ƙirƙira kan ɗauki wani mutum na misali, ƙwararre a fannin, wanda ya karanta duk abin da aka wallafa amma ba shi da baiwar ƙago sabon abu. Idan irin wannan mutum zai iya kaiwa ga abin da ake neman mallaka ta hanyar haɗa ilimin da ke hannu, to ba a ba da shaida. Dalilin a fili yake: shaidar tana hana kowa ƙerawa, sayarwa ko shigo da abin har tsawon shekara 20, kuma al'umma ba ta biyan wannan farashi sai don abin da ba za ta samu ba in ba don mai ƙirƙirar ba.

Shari'ar da ta fi shahara a kan wannan batu ta shafi mota ne. A watan Afrilun 2007, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tsakanin kamfanonin KSR da Teleflex kan totur ɗin mota da ake iya matsarwa gaba ko baya, wanda aka haɗa da na'urar lantarki mai auna takawar direba. Alƙalan baki ɗaya suka ce haɗa sanannun abubuwa biyu ta sananniyar hanya, a samu sakamakon da kowa ke tsammani, ba ƙirƙira ba ce.

A fannin sinadarai lamarin ya fi wuya, domin ɗan sauyi kaɗan na iya haifar da sakamakon da ba a zata ba. Misali shi ne shari'ar da kamfanin Anan Kasei na Japan da Rhodia suka yi da kamfanin Neo a Ingila kan garin siriyam oksaid, wanda ake sa wa a matatar hayaƙi domin ya riƙe iskar oksijin ya kuma sake ta idan an buƙata. Siriyam oksaid ba sabon abu ba ne. Abin da masu shaidar suka yi iƙirari shi ne nau'in da ke riƙe faɗin fuskarsa, aƙalla murabba'in mita 30 a kowane giram, bayan an gasa shi awa biyar a zafin digiri 900. Neo ya ce wannan bayyanannen abu ne. A 2018 Babbar Kotun Landan ta yi watsi da hujjar, ta tabbatar da shaidar, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bar ta a raye a 2019.

Darasin shi ne, ba a raba ƙirƙira da kwaskwarima da ido kawai. Ana buƙatar masanin da zai zauna ya kwatanta alƙaluman gwaji da abin da aka riga aka wallafa.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Dokar mallakar ƙirƙira da zane ta 1970, wadda har yanzu ita ake aiki da ita, ta gindaya sharuɗɗa uku a sashe na 1: abin ya zama sabo, ya samo asali daga aikin ƙirƙira, kuma a iya amfani da shi a masana'anta. Ta kuma fayyace cewa abin da ya biyo bayan ilimin da ake da shi a bayyane bai cika sharaɗi na biyu ba.

Amma sashe na 4 ya taƙaita aikin magatakardan ofishin rajista, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja, ga duba cikar takardu da biyan kuɗi. Idan sun cika, zai ba da shaida ba tare da bincika ko abin sabo ne ko bayyananne ba. Sashen ya ƙara da cewa ana ba da shaidar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da tabbacin ingancinta ba. Wanda ke ganin an ba da shaida ba bisa ƙa'ida ba, sai ya garzaya Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke ta.

Wato tantancewar da ofisoshin Turai, Amurka da Japan ke yi a bakin ƙofa, a Najeriya an bar ta ga alƙali, kuma sai idan an samu mai ƙarfin shigar da ƙara.

Maƙwabta sun soma sauya hanya. Jamhuriyar Nijar, wadda Jihar Yobe ta yi iyaka da ita, mamba ce ta ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Bangui a Bamako a 2015 ya tanadi tantance ainihin ƙirƙira. Ƙungiyar ARIPO da ke Harare ta daɗe tana yin hakan. Afirka ta Kudu, wadda ta yi shekaru a kan tsari irin na Najeriya, ta amince da manufar komawa ga tantancewa a 2018. Najeriya ba mamba ba ce ta OAPI ko ARIPO, kuma ƙudurorin kafa hukumar mallakar fasaha ta zamani da aka sha gabatarwa a Majalisar Tarayya ba su zama doka ba.

Me ya shafi Gashua?

Gashua, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bade, tana da jami'ar tarayya tun 2013. Yankin na noman shinkafa a fadamun kogin Yobe, kuma tokar ɓuntun shinkafa na ɗauke da silika mai yawa, wadda ake haɗa ziyolait da ita. Ziyolait mai ɗauke da tagulla na cikin sinadaran da ake tace hayaƙin manyan motocin dizil da su. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun riga sun haɗa ziyolait daga farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Don haka ba mafarki ba ne a ce wata rana malami ko ɗalibi a Gashua ya samar da sinadarin tace hayaƙi daga kayan gida.

Idan haka ta faru, hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, na taimaka wa masu bincike su yi rajista. Zai samu takarda mai hatimi, jami'a ta yi murna. Amma takardar ba ta shaida cewa wani masani ya duba aikin. Mai zuba jari da ya san doka ba zai sa kuɗinsa a kanta ba sai ya sake bincike. Idan kuma mai ƙirƙirar ya nemi kariya a waje ta yarjejeniyar PCT, wadda Najeriya ta shiga a 2005, a can ne zai fara cin karo da tambayar da ba a yi masa a gida ba, wataƙila bayan ya kashe kuɗi mai yawa.

Haɗari na biyu ya fi girma. Kamfanin waje na iya yin rajistar haɗin da aka ƙi amincewa da shi a wata ƙasa, ya samu shaida a Abuja, sannan ya yi amfani da ita wajen tsorata ƙaramin mai masana'anta. Soke irin wannan shaida na buƙatar lauyoyi da ƙwararrun shaidu, abin da ya fi ƙarfin mafi yawan masu sana'a.

Buƙatar kuwa tana nan. Wani rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsoffin ƙananan motoci miliyan 14 aka fitar daga Turai, Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Wasu na isowa an riga an cire musu matatar, domin ƙarafan cikinta na da daraja. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam ya kai kusan dala 29,000. Wasu kuma a nan ake fasa ta idan ta toshe, tunda sabuwa ta yi tsada. A watan Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS sun amince a Wagadugu da ma'aunin hayaƙi na Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su, da kuma rage farar wuta a cikin mai zuwa kashi 50 cikin miliyan, domin ita ma tana raunana matatar. Muddin aka tsaurara aiwatar da waɗannan ƙa'idoji, direban da ke jigilar dabbobi, kifi ko riɗi tsakanin Nguru, Gashua da Kano zai buƙaci matata mai sauƙin kuɗi, kuma wanda ya riƙe haƙƙin ƙera ta shi zai yanke farashi.

Hujjar masu goyon bayan tsarin yanzu ita ce arha da sauri, kuma tana da nauyi: tantancewa na buƙatar ɗaukar masana sinadarai da injiniyoyi, da horar da su na shekaru. Sai dai akwai matakai na tsakiya. Ana iya wajabta wa mai nema ya gabatar da rahoton binciken da ofisoshin waje suka yi kan ƙirƙirar tasa. Ana iya buɗe ƙofar ƙorafi a ofishin rajista kafin a kai ga kotu. Ana kuma iya soma cikakkiyar tantancewa a fannoni kaɗan, kamar magunguna da sinadarai, inda kuskure ya fi tsada.

Kafin Majalisa ta gyara dokar, abin da ke hannun jami'o'i irin ta Gashua shi ne su koya wa masu bincike duba rumbunan shaidun ƙirƙira na duniya, waɗanda da yawansu kyauta ne a intanet, tun kafin su shiga ɗakin gwaji. A can za su ga abin da wa'adinsa ya ƙare wanda kowa zai iya ƙerawa, su kuma gane inda ainihin sabon abu yake.