Mawaƙin bai ɓata ba, mai kyamara ne bai san unguwarsu ba

Tun da fim ɗin Searching for Sugar Man ya ci lambar Oscar a 2013, masu sharhi suka haɗu a kan magana guda: finafinan da ke bin sawun mawaƙan da suka guje wa idon jama'a aikin lada ne. Wai duniya ta wofantar da wani haziƙi, sai mai kyamara ya tono shi ya mayar masa da haƙƙinsa. Ni ban yarda ba. Kafin a ce an gano mutum sai an fara ɓatar da shi, kuma galibi a ɗakin tace fim ake yin wannan aikin.

Ɗauki Sixto Rodriguez ɗin kansa, mawaƙin da aka yi wannan fim a kansa. Mutumin Detroit ne a Amurka, ya fitar da Cold Fact a 1970 da Coming from Reality a 1971, ba su yi kasuwa a gida ba. A Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata kuwa matasan Turawa suka rungume su, har jita-jita ta bazu cewa ya kashe kansa a kan dandamali. Masoyansa biyu suka bi diddigi suka same shi da rai yana aikin gini, ya zo Cape Town ya yi wasa a 1998. Labari mai daɗi, kuma daraktan fim ɗin, Malik Bendjelloul, ya iya ba da shi.

To amma ina Ostareliya? Rodriguez ya zagaya ƙasar yana wasa a 1979, ya koma a 1981, faya-fayansa suna sayuwa a can. Fim ɗin ya tsallake wannan gaba ɗaya, domin mutumin da ya cika zaure a Sydney ba zai yi kama da fatalwa ba. A Detroit ma ba ɓoye yake ba: ya yi digiri a fannin falsafa a Jami'ar Wayne State, ya tsaya takarar magajin gari. Wanda ke bi gida-gida yana neman ƙuri'a, ta yaya ya zama ɓatacce?

Mu a nan mun ga irin wannan kusa da gida. Lokacin da kamfanin Luaka Bop na New York ya sake fitar da waƙoƙin William Onyeabor a 2013, tambayar "wane ne shi" aka maƙala wa faifan a matsayin suna, sai fim ɗin Fantastic Man ya biyo baya a 2014, cike da raɗe-raɗin ko ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet. A Inugu kuwa kowa ya san gidansa. Attajiri ne mai masana'anta, mai sarautar gargajiya, wanda ya buga faya-fayansa da kansa tsakanin 1977 da 1985, daga baya ya duƙufa ga addininsa na Kirista ya ce ba ya son tada maganar kiɗa. Dattijo ya rufe wani babi na rayuwarsa, mu mun san a bar shi. Su kuma sai suka mayar da ƙin maganar tasa kayan talla. Haka aka yi ta kiran kiɗan Mamman Sani na Nijar "ɓataccen kaya" sa'ad da aka sake buga kaset ɗinsa na 1978, alhali mutanen Yamai sun shekara da shekaru suna jin sautin organ ɗinsa na lantarki a rediyo da talabijin.

Abin da ya fi damuna shi ne inda rashin lafiya ta shigo. The Devil and Daniel Johnston na 2005 fim ne da aka yi da gwaninta, ba na musu. Mawaƙin, Johnston, ya yi fama da taɓin hankali mai tsanani. A 1990 suna cikin ƙaramin jirgin sama mahaifinsa na tuƙi, ya zare mabuɗin injin ya wurgar ta taga, jirgin ya faɗa cikin itatuwa, Allah ya yi da sauran kwana. Mahaifin yana ba da labarin a fim ɗin yana hawaye. Amma saurari yadda masoya ke magana bayan sun kalla: ciwon ne suke yabo, suna cewa shi ne tushen basirarsa. Iyayensa, tsofaffin nan biyu da suka ƙare rayuwarsu suna lura da maganinsa, ba su taɓa ganin ciwon a matsayin baiwa ba.

Za a ce ai sun amfana. Gaskiya ne, Rodriguez ya hau manyan dandamali bayan fim ɗin, har bikin Glastonbury a 2013, kuma kuɗi sun shigo masa kafin rasuwarsa a 2023. Sai dai wannan ladan wasan da ya yi ne da tsufansa, ido ya riga ya raunana. Kuɗin faya-fayan da aka sayar a Afirka ta Kudu, waɗanda fim ɗin da kansa ya ƙiyasta sun kai rabin miliyan, ina suka shiga? Nan ne ainihin labarin, kuma nan ne fim ɗin ya fi gajarta. An zaunar da Clarence Avant, mai kamfanin Sussex da ya buga faya-fayan, aka taɓo maganar kuɗi, ya fusata, sai kyamara ta koma kan dusar ƙanƙarar Detroit da mawaƙi yana tafiya shi kaɗai. Bin takardun kwangila aiki ne mai wuya, yana jawo lauyoyi, ba ya sa 'yan kallo kuka. Da maganar ta isa kotu a 2014, kamfanonin dillancin waƙa biyu ne suke jayayya a kan wane ne a cikinsu ya mallaki waƙoƙin.