Lissafin Kuɗi Daga Nesa: A Sa Harshe Cikin Lissafi

Idan aka tambayi abin da ke kayar da ɗalibin da ke koyon lissafin kuɗi daga nesa, amsoshi uku ne ke fara zuwa baki: ɗaukewar wutar lantarki, tsadar intanet, da gajiyar wanda ke aiki da rana yana karatu da dare. Duka gaskiya ne. Amma akwai dalili na huɗu da ba a cika ambatonsa ba, kuma shi ya fi shafar masu nazarin harshe: harshen da darasin yake zuwa da shi.

A cikin aji malami yana kallon fuskoki. Da ya ga an yi tsit, sai ya maimaita, wani lokaci ya ajiye Faransanci ya kawo misali da Hausa ko Zabarmanci. Ɗalibin da ke zaune a Tasawa ko Birnin Ƙonni da wayarsa a hannu ba shi da wannan gata. Takardar da aka turo masa ba ta san ya ɓace a shafi na uku ba.

A dubi kalmomin nan biyu, débit da crédit, ginshiƙan tsarin rubuta kowace hada-hada sau biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494. A Faransancin titi, crédit bashi ne, ko kuɗin kira da ake sa wa waya. A littafin lissafi kuwa sunan ɓangaren dama ne kawai, débit kuma na hagu. Kuɗin da ɗan kasuwa ya ajiye a banki suna fitowa a crédit a takardar da banki ya ba shi, amma a nasa littafin a débit zai rubuta su. Wanda ba a warware masa wannan ƙulli ba zai haddace darasi, ya faɗi a aikin gwaji, ya ɗauka kansa ne ba ya ja.

Alhali hankalin lissafi yana nan tare da shi. Faransanci ya raba créance da dette. Hausa ta riƙe kalma guda, bashi, ta bar wa ginin jimla aikin rarrabewa: «yana bin bashi» daban, «ana bin sa bashi» daban. Babu mai sayar da hatsi a kasuwar Maraɗi da ke rikita su. Yaron da ke jin dala hamsin ya san sefa 250 ake nufi, yana ninkawa da biyar ba tare da alƙalami ba. Darasin nesa ba ya taɓa wannan jari.

Wani zai ce jarrabawa da Faransanci ake yin ta, kuma tsarin SYSCOHADA, wanda ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA ke aiki da shi, aka sabunta shi daga 2018, yana da kalmominsa da doka ta tsayar. Haka ne, kuma babu mai neman a sauya su. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya fahimci ma'ana da harshen da yake tunani da shi, sa'an nan ya riƙe kalmar doka da sani.

Aikin ba shi da tsada. Malaman lissafin kuɗi na jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa su zauna da sassan nazarin harshe, a fitar da ƙaramin ƙamus na Faransanci da Hausa, kowace kalma da misali daga kasuwa. Kowane darasi ya zo da gajeren saƙon murya da za a iya turawa ta WhatsApp a saurara ko rezo ya yi rauni. Sauran harsunan ƙasa su samu irin wannan.

Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ɗalibin da ke fama da débit da crédit shi kaɗai cikin dare yana jiran ya ga amfanin wannan matsayi a darasinsa, kuma ɗaliban digiri na biyu da ke neman batun bincike ga shi nan a gabansu.