A Kwantar Da Cebur Ɗin Tarakta Ƙasa Kafin A Bar Kujera

Ya kai manomi, idan kana cikin masu aiki da ƙaramar tarakta mai cebur a gaba, ko don ɗibar taki daga Kasuwar Shanu zuwa gonakin Jere, ko don kwashe yashin da ambaliyar Alau ta shekarar 2024 ta bari, to ka san sandar da ke ɗaga cebur ɗin tana dab da hannunka na dama. Gwiwa ko gwiwar hannu na iya bangazarta, haka ma hannun babbar riga yakan sarƙe ta lokacin sauka.

Mutane da yawa sun ɗauka da an kashe inji hatsari ya wuce. Ba haka abin yake ba. Man haidirolik da aka kulle cikin silinda shi ke riƙe da cebur a sama. Da zarar an tura sandar gaba, ƙofar man ta buɗe, nauyin cebur ya kore shi, sai ya faɗo ko injin na aiki ko ba ya yi. A wasu taraktocin ma, in aka tura ta har ƙarshe sai ta maƙale a can, ba ta komawa tsakiya da kanta. Ka tuna a unguwa mai cunkoso irin Mafoni a ƙofar gida ake ajiye tarakta, yara na hawa kujera suna wasa, wasu kuma suna shan inuwa a ƙarƙashin cebur.

Yawancin sababbin taraktoci suna zuwa da ɗan makulli a gindin sandar. A yi amfani da shi duk lokacin da za a hau titi. Wanda tasa ba ta da shi, maƙeri na iya yi masa katangar ƙarfe a gefen sandar. Amma ban goyi bayan ɗaure ta da roba ko igiya ba, domin ɗaurin kan karkatar da ita daga tsakiya ba tare da an lura ba.

A ganina ma makullin ba abin dogaro ba ne, tunda tiyon mai na iya fashewa alhali babu wanda ya taɓa komai. Abin da ya fi shi ne ka sauke cebur ya kwanta a ƙasa, ka ja birki, ka kashe inji, sannan ka motsa sandar gaba da baya don ragowar matsin mai ya fita, ka zare maɓalli, ka sauka ta hagu. In gyara ya tilasta a bar cebur a sama, a tokare shi da ƙarfe.

Ku kuma malaman gona, in kun tara direbobi kada ku tsaya ga bayani da baki. Ku ɗaga cebur, ku matsar da kowa gefe, ku kashe inji, ku tura sandar a gabansu su ga yadda yake faɗowa.