Zumunci a ƙafa yake: dokar gadon ƙasa ta Italiya a idon malami

A makarantar horon malamai inda nake koyarwa, kowace shekara in mun zo darasin tarbiyyar ɗan ƙasa nakan tambayi ɗalibaina: me ke sa mutum ya zama ɗan wata ƙasa? Wasu su ce inda aka binne cibiyarsa, wasu su ce jinin uba. Bana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ai takarda ce kawai." Aji ya ɗauki dariya. Sai na ba su labarin Italiya, ƙasar da ta daɗe tana bin amsar jini har ta ga inda take kaiwa.

Tsakanin 1876 da 1976, Italiyawa kimanin miliyan 26 suka bar gida, mafi yawansu talauci ne ya kore su. Da dama sun zauna a Ajantina, Burazil da Amurka. A dokar Italiya, zama ɗan ƙasa gado ne: uba ya ba ɗa, ɗa ya ba jika, ko a ina aka haife su. Har zuwa 2025 wannan gado ba shi da iyaka. In dai kakan da ya yi ƙaura ya rayu har 17 ga Maris 1861, ranar da aka kafa masarautar Italiya, ko an haife shi bayan haka, a wancan lokacin tattaɓa-kunnensa na iya neman fasfo. Tun dokar 1992 kuma, ba sai mutum ya ajiye fasfon ƙasar da aka haife shi ba.

Sharaɗin shi ne kada igiyar ta tsinke. Mai nema zai tattara takardun haihuwa, aure da mutuwa na kowane mutum, daga kakan farko har zuwa kansa, a fassara su, a buga musu hatimi. Zai kuma nuna cewa kakan bai karɓi zama ɗan wata ƙasa ba kafin a haifi ɗansa. In gadon ta wajen mace ya biyo, kuma ta haihu kafin 1 ga Janairu 1948, sai an je kotu, don tsohuwar doka ba ta ba uwa ikon gadar wa ɗanta ƙasa ba. Ke nan ɗalibata ba ta yi kuskure ba. Jinin da ba shi da takarda ba ya shiga ofis.

Ga inda abin ke damuna a matsayina na malami. A watan Disamba 2024, shugaban Ajantina Javier Milei ya samu zama ɗan Italiya saboda asalin kakanninsa. Shi kuwa ɗan ƙwallo Mario Balotelli, wanda iyayensa ƴan Gana suka haifa a Palermo a 1990, a Italiya ya girma, can ya yi lakwal, amma sai da ya cika shekara 18, a 2008, ya samu takardar. Irinsa ba su ƙare ba. A makarantun Italiya akwai yara fiye da dubu 900 da ba su da takardar zama ƴan ƙasa, kuma kusan biyu cikin uku a Italiya aka haife su. Da harshen ƙasar suke wasa, tarihinta suke haddacewa, amma a rajista baƙi ne.

A ranar 28 ga Maris 2025 gwamnatin Italiya ta fitar da dokar gaggawa, majalisa kuma ta amince da ita a watan Mayu. A taƙaice, gadon ya tsaya kan iyaye da kakanni na kusa, tare da wasu sharuɗɗa. Ministan harkokin waje Antonio Tajani ya kawo hujjar cewa cikin shekara goma, Italiyawan da ke rajista a waje sun tashi daga miliyan 4 da dubu 600 zuwa miliyan 6 da dubu 400. Da yawa ba su jin harshen, ba su taɓa zama a ƙasar ba. Abin da ke jan su shi ne fasfon Tarayyar Turai.

Na yarda da rage wannan gado. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. Wanda bai taɓa zuwa suna ko ta'aziyya ba, shi da ubansa da kakansa, ba zai zo ranar rabon gona ya zauna a gaba ba. Amma ba zan ɓoye gefe na biyu ba. Mutanen da suka yi ƙaura ba don ƙin ƙasa suka tafi ba, kuma kuɗin da suka riƙa aikowa ya ciyar da ƙauyuka masu yawa. Akwai kuma jikokin da suka yi shekaru suna tara takardu da kuɗin guminsu, dare ɗaya aka rufe musu ƙofa. Da an ba su wa'adi, da an fi yin adalci.

Babban ƙorafina shi ne an rage wa na nesa, ba a ƙara wa na kusa komai ba. A watan Yuni 2025 an yi ƙuri'ar raba gardama don rage shekarun zaman da ake buƙata ga baƙo daga 10 zuwa 5, amma kusan kashi 30 cikin 100 kaɗai suka fito, sai ta faɗi. Shawarar a ba yaro takardar ƙasa in ya kammala wasu shekaru a makaranta ta daɗe ana tattauna ta, har jam'iyyar Tajani ta kawo irin tata a 2024, amma ba ta zama doka ba. Ni da na yi shekaru ina kallon yadda aji ke haɗa ɗan manomi da ɗan baƙo a kan benci ɗaya, na fi gaskata shekara goma a lakwal a kan sunan kaka a tsohuwar rajista.

Wannan magana ta shafi iyayenmu da ke zaune can. Tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, don haka yaron da aka haifa a Italiya ba zai rasa tamu ba in ya karɓi tasu. Sai dai dokarsu ta ce ya zauna a ƙasar bisa ƙa'ida ba tare da yankewa ba har ya cika 18, kuma ya nema kafin ya cika 19. Uban da ya maido ɗansa Tawa ko Maradi shekara uku don ya samu tarbiyya wajen kakarsa, da kyakkyawar niyya, yana iya tsinke masa wannan igiya bai sani ba. Ban ce kada a maido yara gida ba. Na ce a tambayi doka kafin a yanki tikiti, a yi wa yaro rajistar haihuwa a ƙasashen biyu, a kuma adana kowace takardar makaranta.

Ku malamai, in kun zo wannan darasi, ku ba yara labarin Milei da Balotelli, ku bar su su yi gardama. Allah ya sa mu dace.