Takardar Manhaja Da Wa Take Magana?

A watan Nuwamba na 1913 da a ce an yi gardama a kan kalma ɗaya, da sai mu ce aikin malaman nahawu ne. Amma a watan Nuwamba na 2013 masu rubuta manhajar kwamfuta ne suka yi ta. Wani ya nemi a gyara bayanin manhajar libuv, wadda Node.js ke dogara da ita, domin an kira mai amfani da ita da lamirin namiji na Ingilishi, watau "he". Ya so a mai da shi "they", wanda bai bambanta mace da namiji ba. Ɗaya daga cikin manyan masu kula da aikin ya ƙi, yana ganin abin bai kai ya kawo ba. Aka yi ta cacar baki har mutumin ya janye jiki daga aikin na wani lokaci. Yau ƙa'idojin rubutu na Google da Microsoft duk sun umurci marubutansu su guji jingina mai amfani ga jinsi ɗaya.

Mun san abin da wasu 'yan'uwanmu ɗalibai za su ce: wannan rigimar Turawa ce, ina ruwan biri da gada? To, mu muna ganin ruwanmu ya fi nasu yawa. Bature in ya fuskanci mai karatu ya ce "you", ya huta, domin kalmar ta ɗauki kowa. Bahaushe kuwa ba shi da wannan mafaka. Da zarar ya buɗe baki ga mutum ɗaya, tilas ya zaɓa: ko ka, ko ki, ko sunanka, ko sunanki. Tun da Google ta sa Hausa cikin masarrafarta ta fassara a 2013, Facebook kuma ta biyo baya a 2016, rubutun umurni da Hausa sai ƙaruwa yake yi, kuma galibin abin da muke cin karo da shi "ka" ne tun daga fari har ƙarshe. Ka shigar da lambarka. Ka tabbata? Kada ka nuna wa kowa.

Akan kawo hujja cewa a Hausa lamirin namiji yana wakiltar kowa, kamar yadda mukan ce mutum ya yi haƙuri. Gaskiya ne, amma a zancen wanda ba ya nan. A magana ta ido da ido babu wannan rangwame. Wane ɗa ne zai dubi mahaifiyarsa ya ce "ka zo"? In yaro ya yi haka dariya za a yi masa a gyara masa, in babba ne kuwa a ce ba Bahaushe ba ne. To, takardar manhaja magana ce ta ido da ido. Matar da ke sayar da ƙosai, wadda ta karɓi waya don ta riƙa ajiye cinikinta, in ta karanta "lambar sirrinka", abin da Hausarta ta gaya mata shi ne da maigidanta ake. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurin da ake son ta fahimci cewa lambar tata ce ita kaɗai.

Abin daɗi shi ne ba mu bukatar ƙirƙirar sabuwar kalma, kamar yadda mutanen Suwidin suka shigar da "hen" cikin ƙamusun hukumar harshensu a 2015. Kayan aikin suna rumbunmu tun kaka da kakanni. Umurni tsura ba ya da jinsi: danna, rufe, shiga, jira. Wahalarsa ita ce ba ya jan dogon zance, domin da ka ce "danna nan" ka so ƙara aiki na biyu, sai "ka" ta sake kutsowa, haka kuma in za a yi hani. A nan ne "a" take ceto: a danna nan, a shigar da lamba, kada a nuna wa kowa. Ita ce Hausar sanarwa da ta allon asibiti, ba wanda zai ji ta baƙuwa. Inda kuma ake son a ɗora alhaki a kan mai karatu, kamar a yarjejeniyar amfani, sai a koma ga "ku", wadda ta haɗa mace da namiji ta kuma zo da ladabi.

Wanda ba mu yarda da shi ba shi ne rubuta "ka/ki" da karan tsaye a tsakani. Ido yana tuntuɓe da shi, kuma na'urar da ke karanta wa makafi allo ba ta san yadda za ta furta shi kamar maganar mutane ba.

Kiranmu ga 'yan Sashen Kimiyyar Kwamfuta da na Harsunan Nijeriya shi ne su zauna tare su tsara 'yar ƙa'ida, ko da shafi biyu ce, kafin ayyukan kammala digiri na bana. Duk ɗalibin da ya rubuta wa manhajarsa bayani da Hausa, ya ba wata 'yar ajinsu ta karanta da ƙarfi a gabansa kafin ya miƙa.